Jinin Rini Da Jinin Mutum A Waya Guda

Kasuwar Creek Road da ke tsohon garin Fatakwal kasuwa ce ta bakin ruwa. Tun da sassafe jiragen ruwa da kwale-kwale suke sauke kifi da ƙaguwa da jatan lande daga wajajen Bonny da Okrika da Nembe, sa'an nan kayan Arewa, watau albasa da wake da tattasai da busasshen barkono, su biyo mota su tarar da su. A tsakanin waɗannan kaya biyu akwai samarin Hausawa masu neman halaliyarsu, wani dako yake yi, wani tura baro, wani gyaran takalmi, wani kuwa yaron shago ne da ubangidansa ya ɗauko daga gida. Haka abin yake a unguwannin Hausawa na Anacha da Inugu. Idan aka idar da sallar lisha, gajiya ta sauko, akan taru a teburin mai shayi, waya guda a hannun mutum guda, kawuna biyar ko shida sun sunkuya a kanta. Abin da ake kallo ya danganta da abin da ya faɗo: ƙwallo, ko wa'azi, ko fassarar fim ɗin Indiya, ko kuwa wani guntun fim na minti biyu da ba wanda ya san sunansa, inda za a ga yarinya cikin kayan makaranta an sare mata hannu, jini yana feshi har rufin ɗaki kamar famfon da ya fashe, ita kuwa ta ɗauko bindiga mai ruwan harsashi ta maƙala a dungulmin. Mai kallo ya kan fara da kau da kai, kafin ya ankara sai ya ji ya tuntsure da dariya.

Wannan dariya ita ce abin dubawa a wannan mako. Mai yiwuwa ne masu kallon su ce fim ɗin Sanis ne, domin tun zamanin Bruce Lee, lokacin da gidajen silima irin su Plaza da Orion da Eldorado suke cika a Kano, Bahaushe ya saba sa duk fim ɗin da ya fito daga wancan sashe na duniya a buhu ɗaya. Amma wannan ba na Sin ba ne. Na Japan ne, sunansa The Machine Girl, wanda Noboru Iguchi ya shirya a 2008, kuma ɗaya ne daga cikin wani dangi na fina-finai da suka gama ban tsoro da barkwanci, suka kwarara musu jini har ya wuce hankali. Ba su taɓa zama kayan kasuwa a ƙasar nan kamar na Indiya ba, amma yanzu da waya ta shiga aljihun kowa, babu sauran shamaki tsakaninsu da ɗan shekara 14.

Kafin a yanke musu hukunci, ya kamata a san asalinsu. Nuna jini ba baƙon abu ba ne a fasahar mutanen Japan. Wajen 1866 wani mai zane da ake kira Yoshitoshi, shi da wani abokin sana'arsa, suka fitar da hotuna 28 na shahararrun kashe-kashe, jini ya yi musu faca-faca, mutane suka yi ta saye. A tsakanin 1920 da 1930 da 'yan kai aka yi yayin wani salo na rubutu da zane wanda ya haɗa batsa da abin ƙyama da shirme. Da silima ta kafu sai abin ya bi ta. A 1960 Nobuo Nakagawa ya yi fim mai suna Jigoku, watau gidan wuta, inda ya nuna azabar masu zunubi filla-filla. Shi kansa Akira Kurosawa, wanda duniya ta sallama masa a wannan sana'a, ya rufe fim ɗinsa Sanjuro na 1962 da sara guda na takobi, jini ya yi tsiri daga ƙirjin wanda aka sara da ƙarfin da babu jikin ɗan Adam da zai iya fitarwa. Daga nan masu fina-finan takobi suka ɗauka, feshin jini ya zama kamar gishiri a miya.

Abin ya kai maƙura ne bayan da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje. A 1985 aka fara wani jerin fina-finai mai suna Guinea Pig, waɗanda ba a yi su don gidan silima ba, sai don shagunan haya. Na biyunsu, wanda wani mai zanen littattafan ban tsoro, Hideshi Hino, ya shirya, ba shi da wani labari face mutum sanye da kayan mayaƙan dā yana daddatsa wata mace da ya bugar da ƙwaya. An yi shi da gangan don ya yi kama da gaske, ya kuwa yi, domin a 1991 wani ɗan wasan Amurka, Charlie Sheen, ya kalle shi ya tabbata a ransa kisa ne na haƙiƙa aka ɗauka, har ya kai ƙara ga hukumar binciken manyan laifuffuka ta ƙasarsu. Sai da aka nuna wa jami'ai wani kaset da ke bayyana yadda aka ƙera gaɓoɓin da roba aka cika su da ruwan rini, sa'an nan suka rufe magana. Wani abin lura shi ne, tun daga na uku jerin ya karkata zuwa raha. A cikinsa, wanda ya fito a 1986, wani ƙaramin ma'aikacin ofis ne da duniya ta yi wa zafi ya yanke shawarar kashe kansa, sai ya tarar ba ya jin ciwo kuma ba ya mutuwa, har ya ƙare yana jifan abokin aikinsa da kayan cikinsa, daga bisani ya rage saura kai kawai a kan tebur yana ta surutu.

Dariyar ta tsaya cik a 1989. A shekarar ne 'yan sandan Japan suka kama wani saurayi, Tsutomu Miyazaki, wanda ya kashe 'yan mata ƙanana huɗu, 'yan shekara 4 zuwa 7, a Saitama da Tokyo. Da aka shiga ɗakinsa aka tarar da kaset 5,763, aka kuma ba da labarin cewa akwai na wannan jerin a ciki. Jaridu suka yi caa, iyaye suka firgita, sunan jerin ya ɓaci, ba a daɗe ba aka daina yin sa. Ko da yake daga baya ya bayyana cewa akasarin kaset ɗin nasa shirye-shiryen talabijin ne na yau da kullum, tambayar da aka yi a lokacin ba ta gushe ba har yau, watau shin kallo ne ya mai da shi haka, ko kuwa abin da ke ransa ne ya kai shi ga kallon? An rataye shi a 2008.

Duk da haka salon bai mutu ba, sai ma ya sake fitowa da ƙarfinsa a farkon wannan ƙarni, kuma a wannan karon barkwancin ya fito fili. A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A 2000 Kinji Fukasaku ya fitar da Battle Royale, labarin ɗalibai 42 da gwamnati ta kai wani tsibiri ta ba su makamai ta ce su kashe juna cikin kwana uku sai mutum ɗaya ya rage. Wadda take karanta musu ƙa'idojin kisan a talabijin wata budurwa ce mai fara'a, tana murmushi kamar mai tallan sabulu. Majalisar dokokin Japan sai da ta yi muhawara a kansa, aka kuma hana 'yan ƙasa da shekara 15 shiga kallo. Amma shi Fukasaku, wanda a lokacin yake da shekara 70, ba don wasa ya yi ba. Yana ɗan shekara 15, a 1945, aka tura ajinsu aiki a masana'antar makamai, aka yi musu ruwan wuta, waɗanda suka tsira aka sa su kwashe gawarwakin 'yan ajinsu. Tun daga ranar ya daina yarda da maganar manya, kuma fim ɗin nasa ƙara ce ya kai a kan manyan da suke tura yara mahallaka suna murmushi.

Haka kuma Tokyo Gore Police na Yoshihiro Nishimura, wanda ya fito a 2008. A cikinsa an sayar da rundunar 'yan sanda ga kamfani, ta koma tana kisa tana talla da shi. Ana cikin labari sai a katse a sa tallan ƙarya, kamar na wata 'yar wuƙa mai ado da aka ce an yi ta musamman don 'yan mata masu yanka hannuwansu. Wanda bai san Japan ba zai ce hauka ne kawai. Wanda ya san cewa ƙasar ta sayar da jiragen ƙasanta a 1987, ta fara sayar da gidan waya a 2007, kuma tun daga 1998 har 2011 babu shekarar da mutane fiye da 30,000 ba su kashe kansu ba, zai gane habaici ne mai ɗaci ake yi wa al'ummar da ta iya mai da komai haja, har baƙin cikin 'ya'yanta. Shi kuwa Cold Fish na Sion Sono, na 2010, an gina shi ne a kan labarin gaske na wani mai kiwon karnuka a Saitama da ya kashe mutum huɗu a 1993, sai aka mai da shi mai shagon kifin ado, aka kuma ba wani ɗan barkwanci ya fito a matsayinsa, yana fiɗar gawa yana zolaya kamar mai yanka ragon suna.

To, waɗannan suna da abin faɗi, ko da an ƙi yadda suka faɗe shi. Akwai kuma waɗanda ba su da komai sai neman kuɗi da ɗaga hankali. Lokacin da aka nuna Ichi the Killer na Takashi Miike a bikin fina-finai na Toronto a 2001, sai da aka raba wa 'yan kallo jakunkunan amai, wai don talla, hukumar tace fina-finai ta Ingila kuma ta yanke fiye da minti 3 daga cikinsa saboda cin zarafin mata da ke ciki. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da yawa daga cikin fina-finan ƙarshen shekarun 2000 ba don mutanen Japan aka yi su ba. Kuɗin The Machine Girl daga wani kamfanin Amurka ya fito, kuma a 2010 kamfanin Nikkatsu, wanda aka kafa tun 1912, ya buɗe wani reshe mai suna Sushi Typhoon musamman don ya riƙa ƙera irin wannan kaya yana aikawa ƙasashen waje. Watau an gano Turawa suna son su ga Japan a matsayin ƙasar mahaukata, sai aka dafa musu abin da suke so. Baƙar fata kuwa ya kamata ya san matsayinsa a wannan wasa. A cikin Vampire Girl vs. Frankenstein Girl na 2009 akwai wasu 'yan mata da aka shafe su da baƙi, aka kumbura musu leɓɓa, aka ƙawata su da abin da masu fim ɗin suka ɗauka shi ne kamannin mutanen Afirka, don a yi dariya. Saurayin da ke ƙyaƙyatawa a teburin mai shayi bai san cewa a wani wurin shi ne abin dariyar ba.

Me ya sa ake dariya ga abin da ya kamata a yi kuka? Amsar ba ta da nisa, domin Bahaushe ma ya san ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan tauri ya ga yadda ƙato zai zare wuƙa yana gurza ta a ciki da wuya, makaɗa suna zuga shi, mata suna rufe ido, yara suna ihu, ana ƙarewa kuma kowa ya watse yana murna. Abin da ya sa taron bai zama makoki ba shi ne kowa ya zo da sanin cewa wuƙar ba za ta ci ba. Tsoro ya zo, sanin nan ya kore shi, abin da ya rage a baki shi ne dariya. Haka waɗannan fina-finai suke aiki, sai dai su ta hanyar wuce gona da iri suke tabbatar wa mai kallo ƙarya ce. Jinin da ke jikin babban mutum wajen lita 5 ne kawai, amma a fim sai mutum guda ya zubar da abin da zai cika duro. A tambayi kowane mahauci a kwata, zai ce jini na gaske ba ya jimawa yake duhu ya daskare, ga ƙarni, ga ƙudaje, alhali na fim yana nan ja wur kamar zoɓo har a tashi. Mahauci zai fi kowa gane wasan, zai kuma fi kowa saurin gajiya da shi.

Sa'an nan kuma a tuna da ƙasar da ake yin abin. Japan tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin kisan kai a duniya, domin a shekara ba a samun ko mutum ɗaya cikin kowane 100,000 da wani ya kashe. Wanda ya shiga gidan silima a Tokyo ya ga an tsaga mutum biyu, zai fito ya hau jirgin ƙasa ya koma gida, kuma mai yiwuwa ne ya tsufa ya mutu bai taɓa ganin gawa a gefen titi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa masu cewa fim ne yake haifar da kisa sun yi gaggawa. Da haka ne, da Tokyo ta fi ko'ina zama mayanka. Masana ma da suka daɗe suna bincike a kai ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne sabo, watau abin da ido ya yawaita gani, zuciya takan rage jin nauyinsa.

A nan ne maganar ta dawo gida, domin samarin Creek Road ba a Tokyo suke ba. A ranar 5 ga Oktoba, 2012, a garin Aluu da ke dab da Jami'ar Fatakwal, aka zargi ɗalibai huɗu da sata, aka tuɓe su, aka yi musu dukan kawo wuƙa, aka rataya musu tayoyi aka cinna wuta. Jama'a suna tsaye, wani kuma ya ɗaga waya yana ɗauka, kafin a kwana biyu hoton ya zagaye ƙasa. A 2017 babbar kotun Jihar Ribas ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan lamarin, cikinsu har da ɗan sanda. A watan Maris na 2025 kuma, wasu mafarauta Hausawa da suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano don yin ƙaramar salla, 'yan banga suka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo, aka ga bindigoginsu na farauta aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu, aka ƙone su. Nan ma an ɗauka, an kuma yaɗa. Kada wani ya ce halin Kudu ne kawai, domin a watan Mayu na 2022 an kashe wata ɗaliba an ƙone ta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, waya kuma tana sama tana ɗauka. Kallon mutuwa ma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, tun da a 1971 dubban mutane suka cika Bar Beach a Ikko don su ga an harbe ɗan fashin nan Oyenusi. Bambancin shi ne, a wancan lokaci sai mutum ya taka ya je, yanzu kuwa abin ne yake zuwa ya tarar da shi a kan tabarmarsa.

Wannan shi ne haɗarin, kuma ba a cikin fim ɗin Japan kaɗai yake ba. Haɗarin yana wurin da aka ajiye shi. A waya guda, a jeri guda, guntun The Machine Girl yana sama, hoton Uromi yana ƙasa, tsakaninsu ba komai sai shafar yatsa. An yanko guntun daga cikin labarinsa, babu suna, babu fassara, babu habaicin da mai shi ya nufa, saura jini tsagwaronsa. Idan ɗan wasan Amurka, wanda sana'arsa ke nan, ya kasa bambance roba da nama, ina ga yaron da ya baro ƙauye bara? Ruɗun kuma ta fuska biyu yake zuwa. Wani zai ga ƙarya ya ɗauka gaskiya ce, ya tura wa 'yan'uwansa da cewa ga abin da ake yi wa mutanenmu, kuma duk wanda ya san tarihin zaman Hausawa a Gabas, tun daga abin da ya faru a 1966, ya san irin wutar da jita-jita take kunnawa, ya kuma san cewa baƙo ne yake fara ƙonewa. Wani kuwa zai ga gaskiya ya kalle ta da idon da ya saba kallon ƙarya, ya ƙyaƙyata, ya wuce zuwa na gaba. Na biyun ya fi muni, saboda shi ne yake samar da irin mutumin da zai tsaya a bakin taro yana neman inda hoto zai fi fita, maimakon ya nemi ɗan sanda.

Hukuma fa? Tana ƙoƙari gwargwadon abin da hannunta zai kai. Gabas ta daɗe da sanin wannan rigima, domin nan ne cibiyar fina-finan tsafi da jini na ƙasar nan. Living in Bondage na 1992, labarin mutumin da ya ba da matarsa don ya yi kuɗi, da harshen Ibo aka yi shi, kuma titin Iweka na Anacha ya zama babbar kasuwar da ake rarraba irinsa zuwa ko'ina. A 1993 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, a 2001 Jihar Kano ta kafa tata. A watan Mayu na 2024, a birnin Inugu, shugaban hukumar ta ƙasa, Dokta Shaibu Husseini, ya ba da sanarwar sabuwar ƙa'ida da ta hana ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi da shan taba a fina-finai. Madalla da wannan. Amma fa almakashin hukuma an ƙera shi ne don zamanin da fim yake da jiki, lokacin da za a iya shiga shago a Iweka ko Ƙofar Wambai a kwashe kaset a loda a mota. Mai shirya fim a Inugu ko Kano yana da adireshi, ana iya kiransa a ci shi tara. Wanda ya yanko minti biyu daga fim ɗin Nishimura ya ɗora a Facebook ko TikTok ba shi da adireshi, kuma alamar shekara 18 da ake liƙawa a bangon faifai ba ta bin guntun zuwa waya.

Saboda haka nauyin ya koma wuyan waɗanda suke kusa. Na farko su ne masu tura fina-finai, waɗanda suke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa suna cika wa mutane waya. Su ne gidajen silimar wannan zamani, ko sun sani ko ba su sani ba. A dā mai karɓar tikiti a ƙofa yakan dubi yaro ya ce masa ya koma gida, ba don doka ta tsaya a kansa ba, sai don shi ma uba ne. Babu abin da zai hana mai turi ya yi haka, ya kuma ƙi ajiye hoton kisan gaske a na'urarsa ko nawa za a ba shi. Na biyu su ne iyayen gida da sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa. Zango yana da tsarinsa tun fil azal, kuma ba ƙaramin tsari ba ne, tun da har ya taɓa fitar da Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko. Wanda ya ɗauko yaro daga Bunkure ko Illela ya kawo shi bakin teku, ya karɓi amanar cinsa da kwanansa, ya kuma karɓi amanar idonsa. Ba ƙwace waya ake nufi ba, domin wanda aka ƙwace wa zai leƙa ta maƙwabcinsa. Abin da ake nufi shi ne babba ya zauna a teburin nan, ya duba abin da ake kallo, ya tambaya: wannan wasa ne ko gaske? Idan wasa ne, wa ake yi wa dariya? Idan gaske ne, ɗan wane ne wannan da ke ƙasa, kuma uwarsa ta yarda a riƙa yawo da shi?

Idan kuwa lalle sai an kalli na Japan, akwai wanda ya fi sauran amfani. Sunansa One Cut of the Dead, na Shin'ichiro Ueda, wanda aka yi a 2017 da yen miliyan 3 kacal cikin kwana 8, ya kuma dawo da fiye da ninki 1,000 na abin da aka kashe masa. Minti 37 na farko ɗauka guda ce ba yankewa, gawarwaki masu tafiya suna bin mutane, gatari yana aiki, jini yana fantsama har kan gilashin kyamara. Daga nan sai labarin ya juya baya ya nuna yadda aka shirya abin: ga mai riƙe da kan roba yana jiran a ba shi alama ya wurgo, ga mai fesa rini a tsugune a bayan ƙofa, ga ɗan wasan da ya bugu ana tallabe shi, ga wanda cikinsa ya ɓaci ana cikin aiki. Duk wanda aka ga an sare a kashi na farko, a kashi na biyu za a gan shi ya tashi yana goge fuska. Yaron da ya kalli wannan har ƙarshe zai san yadda ake haɗa jinin rini, kuma idan aka turo masa hoton Aluu ko na Uromi zai lura da cewa a ciki babu mai riƙe da bokitin rini a bayan ƙofa.